Shekarun da Ke Cikin Kwalba: Me Masu Kuɗin Washington Ke Saya?

A shagunan giya na Washington da garuruwan kewayenta, irin su Arlington da Bethesda, akan tarar da kwalabe biyu na jar giyar inabi daga yankin Rioja na Sifaniya, kamfani ɗaya, inabi iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar. Bambancinsu shekaru ne. Tun da mashahurin kuku José Andrés ya buɗe gidan abinci na Jaleo a birnin a 1993, kayan Sifaniya suka ƙara shiga ran mazauna Washington, har wasu ke maganar tsohuwar kwalba kamar akwai wani asiri a cikinta. Babu asiri. Abin da ake kira tsufan giya lalacewa ce da aka ja wa linzami, kuma abin da mai saye ke biya wa kuɗi shi ne dokar da ta ƙirga shekarun da kuma ɗakin da ya ɓoye kwalbar.

Jar giya mai kauri, irin wadda ake yi da inabin Tempranillo a Rioja da Ribera del Duero, tana fitowa ne da bauri mai ɗaure baki. Baurin nan na sinadarin tanin ne, wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa. Danginsa ne ke cikin goro, su ne kuma majeman Kano ke nema a jikin bagaruwa. Launin kuwa daga antosiyanin yake. Tun a shekarun 1860 masanin kimiyya Louis Pasteur ya nuna cewa iskar oksijin ce ke tsufar da giya, ita ce kuma ke kashe ta idan ta yi yawa. A cikin kwalba, 'yar iskar da ta rage da wadda ke ratsa toshiya sannu a hankali suna sa tanin da sinadarin launi su riƙa haɗuwa da juna. Wasu su yi nauyi su kwanta a gindi kamar laka, baurin ya sassauta, launin ya tashi daga shunayya zuwa ja mai kama da bulo, ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya ja baya, na busasshen ɓaure da taba da fata ya fito. Wannan tafiya tana da ƙololuwa, bayanta sai gangara. Giyar da ba ta da isasshen tanin da tsami ba ta da abin da za ta kare kanta da shi, shi ya sa mafi yawan giyar duniya an yi ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru.

Abin da Sifaniya ta yi shi ne mayar da jira doka. Lokacin da ƙwaron filoksira ya cinye gonakin inabin Faransa daga shekarun 1860, 'yan kasuwar Bordeaux suka tsallaka zuwa Rioja neman haja, dabarar ajiya a gangunan itacen oak masu cin lita 225 ta kafu a garin Haro, inda gidan López de Heredia ya fara aiki a 1877. A yau hukumar Rioja ba ta yarda a rubuta "crianza" a jikin jar giya sai ta shekara 2, aƙalla ɗaya a ganga. "Reserva" shekara 3 ce, ɗaya a ganga da wata 6 a kwalba. "Gran reserva" kuwa shekara 5, aƙalla 2 a ganga da 2 a kwalba. Ke nan mai kamfani ne ke ɗaukar nauyin jira, da kuɗinsa a kulle ƙarƙashin ƙasa, kafin kwalba ta ga kasuwa.

A nan Washington ta zama wurin da ya fi dacewa a duba lamarin. Hukumar TTB ta Ma'aikatar Baitulmali, wadda ke amincewa da takardar jikin kowace kwalba kafin a sayar a Amurka, a birnin take da hedikwata, amma dokar tarayya ba ta gindaya wani sharaɗin shekaru ga kamfanin Amurka da ya ga damar rubuta "reserve" a kwalbarsa ba. Kwalabe biyu a kanta ɗaya, ɗaya na ɗauke da alkawarin da hukuma ke bincika, ɗayar kuwa kirari ne mai ita ya yi wa kansa. Ko siyasa ta taɓa shiga: a Oktoba 2019, kan rigimar tallafin kamfanin Airbus, Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan giyar Sifaniya da ƙarfin barasarta bai wuce kashi 14 ba, masu kaurin da suka haura haka suka tsira, har aka jingine harajin a 2021.

Za a iya cewa doka shekaru take ƙirgawa, ba inganci ba. Gaskiya ne, kuma cikin 'yan Rioja ma akwai masu wannan ƙorafi. Kamfanin Artadi ya fice daga ƙarƙashin hukumar Rioja a ƙarshen 2015 don yana ganin gonar da inabi ya fito ta fi yawan watanni a ganga muhimmanci. Sai dai ɗanɗano ba ya shiga kundin sufeto, watanni kuwa suna shiga, kuma alkawarin da za a iya kama mutum a kansa ya fi wanda ba za a iya ba. Raunin dokar na gaske a wani wuri yake: ikonta yana ƙarewa ne a bakin tashar jirgin ruwa. Kwalba na son wuri mai duhu, sanyi wajen digiri 13, a kwance don kada toshiya ta bushe. A Washington kuwa zafin Yuli kan haura digiri 30, kuma zafi na gaggauta duk wani sauyin sinadari. Gran reserva da ta yi bazara a saman firij ɗin wani gida a kewayen Washington ta gama yawo, ko me takardarta ta ce.

Mai karatu Musulmi na da damar tambaya: ina ruwanmu da abin da addini ya haramta? Haramcin sha a fili yake, kuma sanin yadda abu ke sauyawa ba ya halatta shi. Amma malaman fiƙihu da kansu sun bi wannan sauyi har ƙarshensa, suka yi hukunci cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka, kuma kimiyya ta nuna cewa iska da ƙwayoyin halitta ne ke mayar da barasa tsami. Bayan haka, antosiyanin da ke rina giyar Rioja shi ne ke ba zoɓo launinsa, kuma zafi da haske da iska suna cin sa a buhu kamar yadda suke cin sa a kwalba. Dillalan zoɓo na Kano da Jigawa da ke son hajarsu ta isa Meziko da janta, su ajiye ta a busasshen rumbu mai duhu da sanyi, su kuma rubuta ranar girbi a jikin kowane buhu.