Ba Yunwa Ke Damun Shinkafar Hunturu Ba

Daga Kadawa har zuwa fadamun Argungu, da zarar ganyen shinkafar rani ya fara komawa ruwan ɗorawa a watan Disamba ko Janairu, maganar da za ka ji ita ce: "Taki take so, a watsa mata yuriya." Masu faɗin haka ba su yi wauta ba, domin a damina rawayar ganye galibi alamar ƙarancin taki ce, kuma sun sha gani da idonsu. Sai dai hunturu ba damina ba ce.

Shinkafa 'yar zafi ce. Ta fi sakewa idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 25 zuwa 30. Da ya sauka ƙasa da 15, ƙaramin tsiro ya shiga wahala, kuma a yankin Kano daren Janairu yakan kai 12 ko 13, wani lokaci ma ƙasa da haka. A irin wannan sanyi saiwa takan yi kasala, ba ta iya zuƙar abin da ke cikin ƙasa, ganye kuma ya kasa ƙera korensa. Ka tuge tsiro ɗaya ka duba: gajere ne, saiwarsa ba ta bazu ba, sabon ganyen da ya fito fari-fari ne ko rawaya. Yunwar taki kuwa daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa.

To yuriyar da aka watsa ina ta tafi? Wata ta bi ruwa, wata ta tashi a iska, ciyawa ta samu rabonta. Kuɗin buhu ya salwanta, kuma kowa ya san tsadarsa a yau. Abin da ke ƙara kafa wannan imani shi ne, bayan 'yan makonni sanyi ya sassauta, shinkafa ta murmure da kanta, sai a ce taki ne ya yi aiki.

Ni a ganina, ruwa ya fi taki amfani a wannan lokaci. A ƙara zurfinsa da yamma, domin yana riƙe ɗumin rana ya kare tsiro cikin dare, da hantsi kuma a rage shi rana ta taɓa ƙasa. A jiƙa iri kwana ɗaya, a rufe shi cikin buhu har ya fasa baki kafin a yafa. Mai hali ya lulluɓe bedin iri da leda ko ciyawa da daddare. Wanda kuma bai matsu ba, ya jinkirta dashe zuwa Fabrairu, ya bar wa alkama tsakiyar hunturu, ita da sanyi abokai ne. Yuriyar a ajiye ta a ɗaki sai dare ya fara ɗumi, sabuwar saiwa fara ta fito.