AKWATIN TALABIJIN MAI HOTO GARAU: Bayani ga Hakimai da Malamansu a kan Sayensa da Riƙonsa

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, saboda su ne jama'a ke fara zuwa wurinsu neman shawara, su ne kuma a ke kai wa ƙara idan ciniki ya ɓaci. Akwatin talabijin irin na zamani, wanda 'yan kasuwa ke kira HD, ya shiga garuruwa da ƙauyuka, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Sau da yawa magidanci yakan sayar da hatsi ko dabba ya saya, ya kai gida, sa'an nan ya tarar hoton bai fi na tsohon akwatinsa da kome ba. Dalili kuwa shi ne, kyan hoto yana rataye a kan abu uku: akwatin kansa, da irin hoton da a ke aiko masa, da wutar da ya ke aiki da ita. In ɗaya ya gaza, kuɗin da aka kashe a kan sauran biyun ya tafi a banza.

1. Asalin al'amarin

Gidan talabijin na farko a Nijeriya an buɗe shi a Badun ran 31 ga Oktoba, 1959. A 1962 aka buɗe na Jihar Arewa a Kaduna. Duk hotunan lokacin baƙi da fari ne, sai a 1975 gidan talabijin na Jos ya fara aika hoto mai launi. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗa gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, watau NTA.

Shi kuwa hoto garau, mutanen Japan ne suka daɗe suna bincike a kansa, har suka fara aika shi ta tauraron ɗan Adam a 1989. Amurka ta fara nata a 1998, daga nan ya bazu cikin duniya.

2. Ma'anar HD

Wanda ya matsa kusa da fuskar akwatin talabijin zai ga hoton ba a dunƙule ya ke ba, ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai a jere, kamar yadda masaƙi ke jera zare har zane ya fito. Gwargwadon yawan ɗigon, gwargwadon fitar hoton. Ga yadda lissafin ya ke:

Tsohon tsari: ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720.

HD na ƙasa: 1,280 a kwance, 720 a tsaye, jimla 921,600. Yawancin akwatunan da aka rubuta wa HD Ready suna da 1,366 da 768, watau sun ɗara wannan kaɗan.

Cikakken HD, wanda a ke rubuta wa Full HD ko 1080: 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Wannan ya ninka tsohon tsari sau biyar daidai.

4K: 3,840 a kwance, 2,160 a tsaye, jimla 8,294,400, watau ninki huɗu na cikakken HD.

Ya kamata malami ya riƙe waɗannan lambobi, domin kalmar HD ita kaɗai a jikin kwali ba ta bayyana wanne ne a ciki ba. Mai saye ya tambayi lambar, ya kuma sa a nuna masa ita a rubuce.

Har wa yau, jama'a sun saba kiran kowane akwati mai faɗi marar ƙeya da sunan filasma. Gaskiyar magana ita ce manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma ta ainihi tun wajen 2014. Yawancin abin da ke kasuwa irin da a ke kira LED ne, kuma ya fi filasma sauƙin shan wuta. Wanda aka tallata masa filasma ta ainihi, ya san tsohon kaya ne.

3. Girma da nisan zama

Ana auna girman akwati da inci, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, ba daga dama zuwa hagu ba. Akwati mai inci 32 faɗinsa wajen santimita 71 ne, mai inci 43 wajen 95, mai inci 55 kuwa wajen 122. Kyautuwa ya yi mutum ya auna bangon ɗakinsa tun kafin ya tafi kasuwa.

Idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai kallo ba ya ganin duk amfanin cikakken HD sai ya zauna a nisan da bai wuce tsayin fuskar akwatin sau uku da 'yan kai ba. Ga mai inci 43, wannan bai kai mita biyu ba. Shi 4K ya fi haka neman kusanci, domin rabin wannan nisa ya ke so. Saboda haka wanda zai ajiye akwati a zaure, jama'a na zaune mita huɗu ko biyar daga gare shi, ba shi da wata riba in ya ƙara kuɗi domin 4K. Abin da zai amfane shi shi ne ƙarin girma. Haka kuma a ƙaramin akwati mai inci 32, wanda ya zauna nesa da mita biyu da wuya ya rarrabe tsakanin 720 da 1,080.

4. Hoton da a ke aikowa

Nan ne yawancin masu saye ke tuntuɓe. Akwati ba ya ƙirƙiro kyan hoto da kansa, abin da aka ba shi shi ya ke nunawa. In tasha ta aiko hoto na tsohon tsari, sai akwatin ya baje shi ya cika fuska, kamar wanda ya shimfiɗa ƙaramin zane a babban gado. Sau da yawa ma sai hoton ya fi muni a babban akwati, domin aibinsa ya fito fili.

A 2006 ƙasashen Afirka da na Turai da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a Janiba cewa za a bar tsohuwar hanyar aika hoto a koma ta dijital, aka sa wa'adi 17 ga Yuni, 2015. Nijeriya ba ta cim ma wa'adin ba. An fara sabon tsarin a Jos a 2016, sa'an nan Abuja a ƙarshen shekarar, Kaduna da Ilori a 2017, Ikko da Kano a 2021. Tun da ya ke aikin jiha-jiha ya tafi, sai Hakimi ya sa malaminsa ya bincika abin da a ke kamawa a ƙasarsa kafin ya ba kowa shawara. A kuma lura: ba kowace tashar dijital ce ke aika HD ba. Da yawa hotonsu na tsohon ma'auni ne, sai dai ba shi da yayyafi.

Abin da za a duba a nan huɗu ne.

Na farko, tsarin da Nijeriya ta zaɓa domin kama tashoshi da eriya shi ne DVB-T2. A nemi wannan rubutu a kwali. Ko da akwai shi, tashoshin da aka kulle ba su buɗuwa sai da dikoda.

Na biyu, mai kallo ta dikoda, ko ta DStv ce ko ta StarTimes ko wata, ya tabbata dikodar kanta mai HD ce, kuma tashoshin da ya biya wa kuɗi suna cikin masu aika HD.

Na uku, wayar da ta haɗa dikoda da akwati. Tsohuwar waya mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta iya ɗaukar HD ko kaɗan. Sai an yi aiki da wayar da a ke kira HDMI. Gidaje da yawa suna da akwati mai kyau da dikoda mai kyau, amma wannan 'yar waya ta hana su cin moriyar kuɗinsu. Mai araha da mai tsada duk hoto ɗaya su ke bayarwa, muddin wayar lafiyayya ce.

Na huɗu, akwatin da ke shiga intanet yana cin data ƙwarai. Kallon awa ɗaya na HD yana iya cinye gigabayit 3, na 4K kuwa har 7. Wanda bai shirya wa wannan ɗawainiya ba, kada ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

5. Wuta

Wutar lantarki ta Nijeriya bolt 230 ce, amma kowa ya san takan hau takan sauka. Cikin akwatin zamani akwai ƙananan kayan aiki da ba su jure wannan kamar yadda tsofaffin akwatuna su ke jurewa. Lalle ne a haɗa kuɗin sitabilaiza, ko na'urar da ke tsare kaya daga bugun wuta, cikin kuɗin saye tun farko. In an ɗauke wuta a kashe soket, in an kawo a dakata kaɗan kafin a kunna. Mai janareta ya bari sai ta daidaita sa'an nan ya jona akwati, ya kuma kashe akwatin kafin ya kashe ta.

Yawan wutar da akwati ke sha a rubuce ya ke a bayansa. Misali, mai wat 60, in ana kallo awa 5 kullum, zai sha yunit 9 a wata. A ƙauyen da wutar gwamnati ba ta kai ba, akwai akwatunan da aka ƙera domin batir mai bolt 12 da farantin hasken rana, su ne suka fi dacewa.

6. A wurin ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada a biya sai an buɗe kwali an kunna akwatin a gaban mai saye. A sa mai kanti ya nuna fari zalla a fuskar, sa'an nan baƙi, da ja, da kore, da shuɗi. In akwai mataccen ɗigo ko layi ko tabo, a nan zai bayyana. A sani kuma hoton da a ke nunawa a kanti an zaɓe shi ne musamman domin ya ja ido, saboda haka a nemi a jona tasha irin wadda za a kalla a gida.

A gwada lambar da ke bayan akwati da wadda ke jikin kwali da ta takardar garanti, su zama ɗaya. Akwai masu manna sunan sanannen kamfani a kan akwatin da ba nasa ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran kantuna ƙwarai abin tuhuma ne, araha ba ta ado.

Akwati na hannu, wanda a ke kira ɗan Baljiyam, ba shi da garanti. Wanda aka ƙera domin Amurka wutarsa bolt 120 ce, in ba an rubuta yana karɓar duka biyu ba, kuma tsarin kama tashoshinsa dabam ne da na nan.

A karɓi rasit mai sunan kanti, da kwanan wata, da lambar akwati. Dokar Tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye ikon mayar da kaya masu aibi, amma marar rasit hujjarsa ba ta da ƙarfi, ko a gaban Hakimi ko a gaban alƙali.

7. Riƙo

A kafa akwati a bango da ƙarfe mai ƙwari, ko a ɗaure shi a tebur, domin ba shi da nauyin gindi, yaro na iya jawo shi ya faɗo masa. Kada a sa shi inda rana ke bugunsa. A bar sarari a bayansa domin iska, musamman da bazara, kuma kada a kunna shi yana lulluɓe. Da hunturu a riƙa share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, ba da ruwa ko kananzir ba, kuma ban da dannawa, domin gyaran fasasshiyar fuska yakan kusa kuɗin sabon akwati. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare filogi, a kuma zare wayar eriya ko ta faranti, tun da aradu na bin kowace daga cikinsu.

8. Abin da a ke roƙon Hakimai da malamansu

In an sayi akwati da kuɗin hukuma domin ofis ko makaranta ko ɗakin shan magani, malami ya shigar da shi cikin littafin kaya, da lambarsa da ranar saye da kuɗinsa, ya adana rasit da takardar garanti a fayil, a kuma ɗora alhakinsa a kan mutum ɗaya sananne.

Gidajen kallon ƙwallo kuwa suna bukatar sa ido, domin rayuka ke taruwa a cikinsu. A watan Afrilu na 2017 babbar wayar lantarki ta tsinke ta faɗa kan rufin kwano na wani gidan kallo a Kalaba, mutane suka rasa rayukansu suna cikin kallo. Ana roƙon Hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni kada su yarda a kafa gidan kallo a ƙarƙashin babbar waya, su tabbata gwani ne ya ja wutar, akwai ƙofar fita fiye da ɗaya, janareta kuma tana waje inda hayaƙinta ba zai shiga wa jama'a ba.

A ƙarshe, ana fata malamai za su karanta wannan bayani a wurin taron dagatai, domin ya isa kunnen talakawa. Duk wanda ya zo neman shawara, a fara tambayarsa abu uku: nisan da zai zauna, da tashar da zai kama, da wutar da zai jona. In ya amsa su sosai, sai ya tafi kasuwa.