Tantabarun da Aka Koya wa Tuƙa Bam

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, da wuya ka wuce gida uku a jere ba ka ji kukan tantabara ba. Tsohuwar tukunya ake kafa musu a jikin katanga ko gefen rumbu. Da safe yaro ya fito da tsaki a ƙoƙo yana fito, su sauko yuu. Bayan 'yan kwanaki fiton kaɗai ya isa ya sauko da su, ko da hannun yaron wayam ne. Wannan ɗan abin da yara ke yi da wasa, wani Ba'amurke ya ƙarar da shekara sittin yana nazarinsa. Sunansa B. F. Skinner, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koya wa irin tsuntsayen nan tuƙa bam.

An haife shi a 1904 a garin Susquehanna na jihar Pennsylvania, ɗan wani lauya. Marubuci ya so zama. Da ya gama kwaleji a 1926 ya koma gidan iyayensa, ya shekara yana fama da alƙalami, abin ya ƙi. Ana nan ya ci karo da aikin Pavlov na Rasha, mai gwaji da karnuka, da na John Watson. Ra'ayin su Watson shi ne, abin da ke cikin zuciya ba a iya sa shi a ma'auni, amma abin da mutum ko dabba ke aikatawa ana gani, ana ƙirgawa. Skinner ya shiga Jami'ar Harvard a 1928, ya fito da digirin dakta a 1931.

Akwati ya ƙera, ya sa ɓera mai yunwa a ciki. Akwai ɗan ƙarfe a bango, in ɓeran ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. Abin da ya tabbatar shi ne, sakamakon da ya biyo bayan aiki shi ke yanke ko za a sake yin aikin. Wata Asabar ya duba ya ga ƙwayoyin da yake mulmulawa da kansa sun kusa ƙarewa. Don ya yi tattali, sai ya riƙa ba ɓerayen sau ɗaya a minti, ko sau nawa suka danna. Ba su yi zuciya sun daina ba, dannawa suka ci gaba da yi babu ƙaƙƙautawa. Ashe ladan da ba kullum yake zuwa ba ya fi ɗaure mai nema.

A 1940 yana koyarwa a Jami'ar Minnesota. Jiragen Jamus sun riga sun ragargaza birnin Warsaw, kuma bam na wancan zamani ba shi da linzami: in an sake shi, inda ya faɗa nan ne. Skinner na cikin jirgin ƙasa zuwa Chicago, yana ta wannan tunani, sai ya hangi garken tsuntsaye ta taga suna juyi tare, babu mai karo da wani. Ga ido mai kaifi, ga iya sarrafa tafiya, ga araha. Da ya koma gida ya sayo tantabaru, ya yanke bakin safar ƙafa, ya zura tsuntsuwa ciki, kanta kawai a waje, ya fara koya mata caccakar hoto don ta sami tsaba.

Hukuma ba ta saurare shi da farko ba. Kamfanin fulawa na General Mills ne ya ba shi dala 5,000 da wurin aiki a saman benen injin niƙansa da ke Minneapolis. Sai a 1943 gwamnati ta ba da dala 25,000. Tsarin shi ne, a hancin bam a sa tantabaru uku, kowacce da ɗan allonta, inda gilashi ke haska hoton abin da ake hari. In hoton na tsakiya, caccaka na tsakiya, bam ya miƙe. In ya karkace gefe, tsuntsuwa ta bi shi da baki, allon ya ɗan kishingiɗa, iska ta bi ta wasu bututu ta juya fikafikan bam har hoton ya dawo daidai. An sa uku ne don in ɗaya ta ɓata, biyu su rinjaye ta. Su Skinner sun harba bindiga kusa da kan tsuntsayen, sun juya su a na'ura kamar majajjawa, sun dalle su da haske, ba su bar caccaka ba. Wannan wuri na labarin yana sosa mini rai, domin tsuntsuwar da ta fi kowa ƙwazo ita za ta raka bam ɗin har ƙasa, ba ta san komai ba sai tsaba.

A saman benen nan ne, a 1943, abin da ya fi bam muhimmanci ya faru. Tantabaru na yawan sauka a tagogin injin saboda hatsi. Wata rana Skinner da ɗalibansa biyu, Keller Breland da Norman Guttman, suka ce bari su koya wa ɗaya ture 'yar ƙwallon katako da baki. Suka zauna da maɓallin sakin tsaba a hannu, suna jiran ta ture. Shiru, har suka gaji. Sai suka canza dabara: ta kalli ƙwallon kawai, tsaba. Ta matso kusa, tsaba. Ta kai baki, tsaba. Kowane mataki in ya zauna, su daina biyansa, su jira wanda ya fi shi kusa da abin da suke so. Cikin 'yan mintoci tsuntsuwar na dukan ƙwallo tana karo da bangon akwati. Su kansu sun tsaya suna kallon juna.

Duk manomin da ya taɓa horon shanun huɗa zai gane wannan. Ba a ɗora wa ɗan bijimi garma ran farko. Karkiya tukuna, ya saba da nauyinta a wuya, sannan jan kututture a fili, sannan kunya ɗaya. Abin da ke damuna shi ne, haƙurin da muke yi da sa mukan hana wa yaro mai koyon baƙi da wasali. Skinner ya riƙe cewa duka yana danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koyar da abin da ya kamata a yi, kuma yana gadar da gudun mai dukan. A 1953 ya zauna a ajin lissafin 'yarsa, ya ga yara na aiki ba wanda ke sanin ya yi daidai sai bayan lokaci ya wuce. Daga nan ya shiga ƙera na'urar koyarwa mai tafiya da yaro taki-taki, tana gaya masa sakamako nan take.

Shi kuwa aikin bam, a 1944 aka kai shi gaban kwamitin manyan masana a Washington. Aka buɗe akwati, tantabara ta yi ta caccakar hoton wani wuri a gaɓar tekun New Jersey ba kuskure. Iyawar tata ma dariya ta ba su. A watan Oktoba aka soke aikin, ko tsuntsuwa ɗaya ba a tura yaƙi ba. Sojojin ruwa sun farfaɗo da shi a 1948, suka sake ajiyewa a 1953 da na'urorin lantarki suka kankama. Hancin bam ɗin mai tagogi uku yana gidan tarihi na Smithsonian.

Skinner ya rasu a watan Agustan 1990. Amma tun bayan soke aikin ya riƙe wasu daga cikin tantabarun, yana ciyar da su, ba ya nuna musu komai sai lokacin gwaji. Ya gwada wasu bayan wata shida, wasu bayan shekara, wasu shekara biyu, wasu huɗu. Na ƙarshe sai da suka shekara shida. Aka ɗauko su, aka sa su gaban allo, aka haska hoton da aka horar da su a kai, suka kai baki daidai wurin da aka koya musu.