Daga A1 zuwa F9: Yadda Ake Auna Ƙwazon Ɗalibi a Sakandare

Duk ƙarshen zangon karatu, iyaye kan karɓi katin sakamako su duba matsayin ɗansu a aji, amma kaɗan ne ke tambayar yadda aka haɗa makin. A yawancin makarantun Najeriya, makin kowane darasi kashi biyu ne. Na farko shi ne gwajin da ake yi a tsawon zango, wato ƙananan jarrabawa da aikin gida, wanda kan ɗauki maki 30 ko 40. Sauran 70 ko 60 kuma na babbar jarrabawar ƙarshen zango ne. Manufar ita ce kada ciwon rana ɗaya ya rushe wahalar wata uku.

A jarrabawar kammala sakandare kuwa, hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da NECO da ta zo a 1999, suna amfani da matakai tara. A1 ne ƙololuwa, sai B2 da B3. Daga C4 zuwa C6 kiredit ne, D7 da E8 tsira ce kawai, F9 kuma faɗuwa.

Iyakar da ta fi muhimmanci tana tsakanin C6 da D7, domin jami'o'i na neman kiredit biyar, galibi har da Turanci da Lissafi, baya ga makin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, wanda ake lissafawa bisa 400.

Don haka iyaye su riƙa bibiyar gwajin tsakiyar zango tun da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.