Raguwar sistoci a duniya: yawansu a Afirka bai kai abin tinƙaho ba

Alƙaluman Fadar Vatican na shekarar 2023 sun nuna sistocin Katolika a duniya sun sauko zuwa 589,423, alhali a 1970 sun kai wajen miliyan guda. Afirka ce nahiyar da adadin ke hawa a fili, shi ya sa da zarar an ta da maganar sai ka ji ana cewa ai mu nan Allah bai daina kira ba. Wannan murnar ce ta dame ni. Abin da ya kwashe gidajen sistoci a Turai da Amurka yana kan hanyarsa zuwa nan, mu kuwa ko shiri ba mu fara ba.

A 1965 Amurka tana da sistoci kusan 180,000. Yau ba su kai 40,000 ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Me ya faru? A zamanin da aka cika gidajen nan, yarinyar da ta fito daga gidan talaka mai 'ya'ya takwas, tana son karatu, tana son ta koyar ko ta yi jinya ko ta shugabanci asibiti, ƙofa ɗaya ce a buɗe gare ta. Ba ina cewa waɗancan mata ba su da kira ba ne. Da yawansu sun ba da ransu dungurungum. Amma kira da neman mafita sun bi hanya ɗaya, ba wanda ya damu ya rarrabe su. Da jami'o'i da ayyukan albashi suka buɗe wa mata, haihuwa kuma ta ragu, sai mafita ta samu a wani wuri, aka bar kiran shi kaɗai. Shi kuwa bai taɓa kai yawan da ake zato ba.

To, ku dubi namu. Sistocin St Louis da suka iso Kano a 1948, da na ƙungiyar OLA da suka riƙe makarantar Queen of Apostles a Kakuri, su ne suka fara nuna wa 'yan mata da yawa a Arewa mace tana tafiyar da makaranta da kanta. Daga baya aka kafa ƙungiyoyi na gida, irin su Our Lady of Fatima da Bishop John Reddington ya assasa a Jos a 1965, da sistocin Dominican na Gusau. Har gobe, a ƙauyukan Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, akwai yarinyar da idan ba ta shiga gidan sistoci ba, karatunta ya tsaya a sakandare. Ita ma tana iya samun kira na gaskiya. Sai dai wa zai zauna da ita ya taya ta tantancewa, in masu karɓarta hannuwan aiki suke nema a makaranta da asibiti?

Dokar Ikilisiya ta yi tanadi mai kyau a rubuce. Ba a shiga zangon horo sai an cika shekara 17, horon ba ya gaza wata 12, wa'adin wucin gadi yana ɗaukar shekara uku zuwa shida, kuma wa'adin da aka ɗauka bisa tilas ko tsoro bai inganta ba. An ba da wannan dogon lokaci ne domin yarinya ta iya cewa a'a. A aikace kuwa, wadda ta komo gida bayan shekara biyar ana kallonta kamar wadda aka koro daga ɗakin miji. Dangin da suka haƙura da sadaki da jikoki, aka yi ta kiran uwar "Maman Sista" a zumuntar mata, ba sa karɓar dawowar da sauƙi. Doka ta ce wadda ta fita ba ta bin ƙungiya bashin aikin da ta yi, an dai umarci ƙungiyar ta yi mata adalci da tausayi. Mace mai shekara 30, ba jari, wataƙila ba takardar digiri, ina za ta nufa? Shi ya sa wasu ke zama ba don sun gamsu ba, mu kuma muna ƙirga su cikin nasara.

Akwai masu cewa laifin na sauye-sauyen da suka biyo bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965 ne, lokacin da ƙungiyoyi da yawa suka ajiye rigar sista suka sassauta zaman tare. Suna kafa hujja da sistocin Dominican na Nashville, waɗanda suka riƙe tsohon tsari kuma 'yan mata ke zuwa musu. Da ɗan gaskiya a ciki, domin mai shirin sadaukar da rayuwarta tana son ta ga abin da ya bambanta. Amma irin waɗannan gidaje ƙalilan ne, ba su cike ko kusurwar giɓin ba.

Abin da ya fi riga nauyi shi ne yadda ake riƙe sistocin. A 2018 mujallar mata ta jaridar Vatican ta fallasa yadda sistoci ke girki da wanki a gidajen manyan limamai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Fabrairun 2019 Fafaroma Francis ya amsa a bainar jama'a cewa akwai limaman da suka ci zarafin sistoci, kuma a watan ne Sista Veronica Openibo, 'yar Najeriya, ta tsaya gaban bishop-bishop a Roma ta ƙalubalanci shirun da aka daɗe ana yi kan cin zarafi. 'Yar jami'ar da ke tunanin kira a Zariya ko Jos tana karanta duk wannan a wayarta. Naɗa Sista Simona Brambilla a 2025 ta shugabanci ma'aikatar Vatican mai kula da masu wa'adi abin farin ciki ne, amma bai biya wa sistar ƙauye kuɗin magani ba.

Raguwar ta can kuma ta fara taɓa mu. Gidajen da suka tsufa a Italiya da sauran Turai suna waiwayo Afirka da Asiya neman matasa, har Fafaroma Francis ya rubuta a 2016 cewa a guji ɗauko 'yan mata daga wata ƙasa don kawai kada gidan masu zaman addu'a ya rufe. Ga yarinyar da ba ta taɓa wuce Kafanchan ba, tayin zuwa Roma yana iya toshe mata kunne daga kowace tambaya, kuma in ta fita daga ƙungiyar a can, izinin zamanta ma yana iya tafiya tare da rigar.