Motar Lantarki: Kafin Ka Biya Kuɗin Sabis Tun Gaba, Dubi Agogon Nan Biyu

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, zancen motar lantarki ya shiga bakin mutanenmu mazauna Kudu, daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabo ta Badun. Ba baƙuwa ba ce ƙwarai. A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko, a 2021 kuma Hukumar Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta kafa tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Sai dai akwai wata takarda da a kan miƙo wa mai sayen irin wannan mota bayan an gama ciniki, wadda mutane kan sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Ita ce yarjejeniyar biyan kuɗin sabis tun gaba.

Ma'anarta mai sauƙi ce. Mai mota zai biya kuɗi dunƙule yau, kamfani kuwa ya ɗauki alkawarin duba motar sau kaza a garejinsa ba tare da an ƙara karɓar ko kwabo ba. To, amma alkawarin nan yana da iyaka biyu, ta lokaci da ta nisan tafiya, kuma a kan rubuta cewa wadda duk ta riga cika ita ce ta yanke magana. Wannan ɗan sharaɗi shi ne ƙashin bayan takardar duka.

Bari mu ɗauki misalin kamfanin Tesla na Amurka. A da yakan sayar wa masu Model S da Model X shirin sabis na shekara 4. A ciki za a duba mota sau huɗu, kowane wata 12 ko kowane mil 12,500, wanda ya riga. Watau dai shekara 4 ko mil 50,000, kimanin kilomita 80,000 ke nan da lissafinmu na nan.

Yanzu mai karatu ya dubi direban haya da ke yawo tsakanin Ikeja da Lekki. A ce yana cin kilomita 150 a yini, kwana shida a mako. Kilomita 900 ke nan kowane mako. Kafin ya cika shekara ɗaya da wata tara ya cinye kilomita 80,000 ɗin nan tas, alhali kuwa shi a zuciyarsa shekara huɗu ya saya. Sabis ɗin da ya biya zai samu, babu shakka, amma a ƙurarren lokaci, daga nan sai ya koma biya daga aljihu. Ƙari a kan haka, yawancin irin waɗannan takardu da na garanti suna da sharaɗi dabam game da motar haya. Wasu ma sukan fitar da ita gaba ɗaya. Wanda ya yi niyyar sa motarsa kabu-kabu ya tambayi wannan tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Sa'an nan ga ɗan kasuwa a Alaba Rago ko Mile 12, wanda tafiyarsa daga gida zuwa rumfa ce kawai, da damina kuwa ya rufe motar da tamfol ya tafi gida noma wata uku ko huɗu. Shi agogon nisa ba ya damunsa, da ƙyar zai yi kilomita 6,000 a shekara. Kalanda ce ke cinsa. Mota tana ajiye, watanni suna wucewa, in lokacin dubawa ya zo bai kai ta ba, sau da yawa wannan zagaye ya tafi ke nan, ba a mayar da kuɗinsa. A ganina wannan mutum ya fi direban haya hasara, gama direba ya ci abin da ya biya, shi kuwa ya biya abin da bai ci ba.

Wanda shirin ya yi wa daidai shi ne na tsakiya, mai tafiya kusan abin da kamfani ya ƙiyasta a shekara, kuma mazaunin gari ɗaya da garejin. Kamfani ba don kowa ya yanka rigar ba.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi: me ake yi wa motar lantarki in an ce sabis? Ba ta da injin fetur, saboda haka babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu matatar mai, babu salansa. Abin da ya rage shi ne matatar iskar cikin mota, man birki, ruwan sanyaya batir, musanya wa tayoyi wuri, da duba ƙaramin batir mai ba fitilu da na'urori wuta. Ko birkin ma ba ya saurin cinyewa, domin motar kan rage gudu da injinta na lantarki ta mayar da wutar cikin batir. Saboda ƙarancin aikin nan ne Tesla da kansa ya daina sayar da shirin a 2019, ya ce a riƙa duba kowane abu in lokacinsa ya yi. Don haka duk dillalin da ya kawo maka tsohuwar Tesla ta Kwatano ya ce maka da sauran sabis ɗin da mai ita na farko ya biya, ƙirga da yatsunka: shekara huɗu daga 2019 ta cika tun 2023.

Maganar motocin da aka yi amfani da su a waje tana bukatar hattara ta musamman, tun da su ne akasarinmu ke iya saye. Da farko agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka wanda ya ga 40,000 a allo ya san motar ta yi kilomita 64,000. Na biyu, a kan fara ƙirga shekarun ne daga ranar da aka fara sayar da motar, ba daga ranar da ta sauka a Tin Can ba. Na uku, alkawarin yakan tsaya ne a ƙasar da aka yi shi. A 2020 kamfanin Hyundai ya shiga ba masu sayen sababbin motocinsa a Amurka sabis kyauta na shekara 3 ko mil 36,000, amma a garejin dillalansa na can. Takardar nan ba ta da amfani a Ladipo.

Ba a ce shirin ba shi da fa'ida ba. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 kowa ya ga yadda kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabo. Wanda ya biya yau ya ɗaure farashi, in dai takardar ta faɗi ƙarara cewa kuɗin ya haɗa da kaya da ladan aiki duka, kuma kamfanin yana nan da ransa har ƙarshen wa'adin. Haka nan sabis a garejin kamfani yana sa littafin mota ya cika da hatimi, abin da kan taimaka ranar da za a sayar da ita. Sai a tambaya ko shirin yana bin mota zuwa hannun sabon mai ita, ko kuwa yana mutuwa ne da zarar an sauya suna. Mutumin da ke shirin komawa Kano ko Katsina da zama ya kuma tambaya ko akwai garejin da zai karɓi takardar a can, don kada ya zama sai ya yi tafiyar kilomita 1,000 kafin a canza masa matatar iska.

Kada kuma a haɗa shirin sabis da garantin babban batir, abu biyu ne dabam. Garantin batir yana zuwa ne tare da sabuwar mota, kamfanoni da yawa kuwa sukan ba da shekara 8 ko kilomita 160,000, nan ma wanda ya riga. Batirin nan shi ne abu mafi tsada a jikin motar, kuma kuɗin sabis da ka biya tun gaba ba ya saya maka sabo in ya lalace. Sai dai wasu kamfanoni kan nemi shaidar cewa an riƙa duba motar a kan kari kafin su karɓi ƙorafin batir. Saboda haka ko ka shiga shirin ko ba ka shiga ba, ka adana kowane rasit mai ɗauke da kwanan wata da lambar da agogon mota ya nuna a ranar.