Kasafin Kuɗi da Mutanen Bakin Tafkin Kainji

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya cinye gonaki da tsibirai, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri. A wancan zamani abin da jama'a ke nema wurin gwamnati shi ne matsuguni da gona da rijiya. Yau buƙatun sun ƙaru, kuma wajibi ne kasafin kuɗi ya bi sawunsu.

Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida. A watan Mayu jirgin ruwa maƙare da fasinjoji ya nutse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, aka yi asarar rayuka masu yawa. A watan Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Ga mutumin ƙaramar hukumar Ngaski ko ta Shanga, ruwa shi ne hanyar kasuwa da ta asibiti. Don haka rigunan kariya, da jirage masu ƙwari, da cire kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, da tsaron makarantu, duk sun cancanci gurbi na dindindin a kasafi, kamar yadda titi yake da shi. Kayan jaje bayan an binne gawa ba ya maye gurbin wannan.

Ƙofofin kuɗi kuwa sun buɗe. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ga kuma hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun lantarki suka shafa, ciki har da Kebbi.

Gyara biyu ake buƙata. Na farko, kasafi ya faro daga mazaɓa: a zauna da masunta da masu fito da manoman shinkafa da mata 'yan kasuwa kafin a rubuta lamba ko ɗaya. Na biyu, bayan kowane wata uku a karanta a rediyo, da Hausa, nawa aka ware, nawa aka saki, wane ɗan kwangila ya karɓa. Warewa daban, sakin kuɗi daban, kuma tsakaninsu ayyuka ke mutuwa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mutanen da kakanninsu suka bar gonakinsu domin Najeriya ta samu wuta suna da haƙƙin a tambaye su kafin a raba kuɗin, a kuma ba su lissafi bayan an kashe.